Inda Aka Binne Cibiyar Ummi

Al Nahda, Dubai
Janairu, 2019

Zuwa ga Yayata Talatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ya maigidan, ya yara, ya mutanen Zariya baki ɗaya? Ya ƙafar Inna? Allah ya sa ta daina taurin kan nan tana shan maganinta. Mu nan lafiya lau. 'Yar taku sai ƙiba take, har ta fara bin mutum da ido. Ummi muke ce mata, tunda sunan Inna ta ci.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Kin san kiran WhatsApp ba ya shiga a ƙasar nan, saƙon murya kuma ba zai yiwu ba, don abin da ya raba ɗakinmu da na maƙwabta katako ne, ko tari ka yi sai an ce maka sannu. Shi ya sa na rubuta, in ɗauki hotonta in turo miki. Ki karanta ke kaɗai, abin da ya dace Inna ta ji sai ki faɗa mata.

Yaya, raina a ɓace yake, kuma abin haushin, wai shan iska aka kai ni.

Kin dai san yadda ƙanin naki Ɗalhatu ya hana ni zuwa gida haihuwa, haihuwar fari fa, wai asibitin nan ya fi. Na haƙura. Na yi jego a ƙololuwar bene, ba uwa ba dangi. Ba don Barikisu ba da ban san yadda zan yi ba. Ita ce matar Sulemana, 'yan Kumasi ne, da su muke raba fulat. Aikin goge-goge take a otal, amma kafin ta fita sai ta dafa min ruwa ta gasa min jiki, har kanwa ta nemo min a unguwar Abu Hail ta dama min kunu. Ita ta yi ta gasa cibiyar yarinyar har ta faɗi. Hausarta ce dai ke ba ni dariya, mace da namiji duk "ya" take ce musu, kullum sai ta ce min "Ummi ya yi kashi". Allah ya saka mata da alheri.

To, bayan mun yi arba'in, ran Juma'ar da ta wuce ya ce in shirya za mu Hatta. Wani ƙauye ne cikin duwatsu, nan ƙasar Dubai ne amma da 'yar tafiya. Sulemana direban masu yawon buɗe ido ne, ya san wurin kamar tafin hannunsa, shi ya sa muka tafi mu huɗu da yarinyar.

Akwai wani tsohon gidan sarauta a can, ƙal'a suke ce masa, ginin ƙasa da dutse, rufin azara irin namu, da hasumiyar da masu gadi ke hawa a zamanin da. Turawa sun cika wurin suna ta ɗaukar hoton tukunya da turmi da tabarmar kaba. Na ce oho, ashe ɗakin girkin Inna gidan tarihi ne ba mu sani ba. Ni dai ban ga abin da ya kawo mu ba, sai da Sulemana ya bi da mu wani ɗan lungu ta bayan ginin.

Yaya, wani ɗan lambu ne a can. Katangar ƙasa ce ta kewaye shi, da 'yar ƙofar katako, girmansa bai fi tsakar gidanmu da kaɗan ba. Dabino a jere, lemun tsami, lalle, zogale, ga ruwa yana bin wani siririn kwalbati da suka jawo daga dutse. Ba kowa a ciki. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya doke ni, ban san lokacin da na cire takalmi ba. Rabon ƙafata da ƙasa tun kafin in yi ciki, nan garin ko'ina siminti ne da tayil. Na tsaya ina murza ganyen lalle a hannu, hawaye yana zuba, ni kaina ban san na mene ne ba.

A nan ne mutumin naki ya matso, ya ce min, "Kin gani? Nan ma ai gida ne."

Wallahi ji na yi kamar ya watsa min ruwan zafi. Gida? Lambun mutane da aka ba mu aron kallo? Ban tanka ba saboda idon baƙi. Kafin in gama haɗiye wannan, sai ga shi ya karɓi yarinya da jakar kayanta, wai in je in hau hasumiya in ga gari. Na ce ni nan nake so in zauna. Ya nace. Barikisu ma ta kama hannuna tana wani murmushi, tana cewa in zo mu je, mai kunya. Kunyar me? Haka na bi ta, da jikin jego, ina hawa ina haki. Daga sama lambun kamar faifai, na hango shi durƙushe gindin wani dabino, Sulemana na riƙe da yarinyar. Na ɗauka alwala yake a bakin ruwan.

Muna saukowa Ɗalhatu ya ce yalla, rana ta yi, a kama hanya. Wurin da raina ya so ban samu ko zama a cikinsa ba, wurin da ban so ba an sa ni na hau. Shi kuwa a hanya sai fara'a yake kamar wanda aka yi wa albishir, gwiwar wandonsa duk taɓo, har da tsayawa ya saya min dabino. Ban ci ba.

Abin da ke ci min rai shi ne wannan kalma tasa. Ke shaida ce, a gaban Kawu Sanda ya yi alkawari: shekara biyu mu dawo. A kan haka na ɗauki hutun da ba albashi a makarantar da nake koyarwa, kuma a Afrilu zai ƙare, in ban koma ba aikin ya tafi. Kwantiraginsa a kamfanin kayan gyaran mota na Ras Al Khor a Maris zai ƙare. Ga mu a Janairu, ko zancen kago na aika kayanmu gida bai taɓa yi ba. In na tayar da maganar sai ya ce inshallah, irin inshallar Larabawan nan wadda in ka ji ta ka san ba za a yi ba.

Ki gaya wa Inna saƙonta ya iso, ta kwantar da hankalinta. Mabiyiya dai asibiti suka riƙe, ba wanda ya tambaye ni. Amma cibiyar da ta faɗi tana nan, na naɗe ta a ƙyallen zanen da ta aiko, na sa a ɗan gwangwanin man shafawa, tana cikin jakar kayan yarinyar, ba na rabuwa da ita. In mun zo a binne ta gindin gwabar bayan ɗakinta, inda aka binne tawa da taki.

Ki gaida kowa da kowa, ki shafa min kan su Dikko.

Taki ƙanwa,
Najiba


Al Nahda, Dubai
Fabrairu, 2019

Yaya Talatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya gida, ya jikin Inna? Na ga amsarki, na gode. Kin ce in daina fassara maganar miji, mai yiwuwa faranta min rai kawai yake son yi. To ki zauna da kyau ki ji irin farantawar.

Yaya, an ci amanata.

Ranar Talata na ce tunda shi ba zai motsa ba, bari ni in fara harhaɗa kaya. Na zazzage jakar yarinyar, na ɗauko gwangwanin nan, na ji shi sakayau. Na buɗe. Ba cibiya, ba ƙyallen. Na juye jakar, na ɗaga katifa, na kwashe kayan durowa kaf, har kwandon shara na zazzage. Kin san abin da ke zuwa ran mutum in an ce cibiyar jariri ta ɓata. Wa ke shiga ɗakina? Wa ya san inda take? Mutum ɗaya ce.

Barikisu na dawowa daga aiki ko takalmi ban bari ta cire ba. Na tare ta a ƙofar kicin, na faɗa mata maganar da ba ta dace ba. Na ce ta fito min da abin 'yata, in wani malami ta kai wa ta faɗa min tun da wuri. Matar da ta gasa min jiki fa, Yaya. Ta tsaya tana kallona da ledar burodi a hannu. Can ta ce, "Ba ke ka ce a binne ba?"

Ashe labarin ke nan. Tun ina cikin jego Ɗalhatu ya samu Sulemana ya ce yana neman wurin da ke da ƙasa mai kyau, za a binne cibiyar yarinya. Sulemana ya ce ya san wani lambu a Hatta. Ɗalhatu ya gaya musu wai mun yi shawara na yarda, sai dai ina kunyar 'yar fari, ba zan iya tsayawa a yi a gabana ba, kuma kada su yi min zancen. Shi ya sa Barikisu ta ja ni hasumiya tana ce min mai kunya. Ita a zatonta rufa min asiri take. Ina can sama ina haki, ina kallonsa da idona yana binne abin 'yata, ni kuwa ina cewa alwala yake.

Kin ji rainin hankali? Kunyar da aka koya mana, wadda ta sa ko sunan yarinyar ba na iya kira a gabanku, ita ya ɗauka ya rufe min ido da ita.

Na ba Barikisu haƙuri har da durƙusawa. Ta ce ba komai, amma ta shige ɗaki ta rufe, kuma tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Wannan ma a wuyansa yake.

Da ya dawo bayan magariba na ajiye masa gwangwanin a kan farantin abincinsa. Ya kalle shi, ya kalle ni, ko gezau. Bai musa ba. Wai dama yana neman lokacin da ya dace ya faɗa min. Daga nan sauran ya biyo baya: ya sabunta kwantiragi, ƙarin shekara uku, tun ina da tsohon ciki ya sa hannu. Duk lissafin komawar da nake yi a gabansa, ina cewa za a yi kaza a saya wa Inna kaza, yana ji yana gyaɗa kai, ashe ya riga ya yi min sakiyar da ba ruwa.

Zan faɗa miki hujjarsa, don kada a ce na zalunce shi. Ya ce tun da aka ɗauke ɗan baffansa a hanyar Abuja zuwa Kaduna, ya ga yadda ya dawo, ya ƙudurta a ransa 'yarsa ba za ta tashi tana bin wannan hanyar ba. Ya ce me za mu koma mu tarar, ba wuta, ba ruwa, albashina ko kuɗin madara ba zai kai ba. Ya ce tun yana yaro yake jin ana cewa inda aka binne cibiyar mutum can hankalinsa ke komawa, ga shi ya gani a kaina, ina cikin daula amma kullum raina yana bayan ɗakin Inna. Ba ya son Ummi ta yi irin wannan zaman. So yake ta zama 'yar nan, hankalinta ya kwanta a nan. Yana faɗa idonsa ya kawo ruwa, na san tsoron nasa gaskiya ne.

Amma Yaya, 'yar nan ta ina? Na ɗauko fasfo ɗin yarinyar na buɗe masa shafin biza. Jaririyar da aka haifa a garin nan, ba ta san ko'ina ba sai nan, ita ma biza aka manna mata mai ranar ƙarewa. Akwai wani Ba'indiye mai kanti a ƙasan benenmu, a nan aka haife shi, furfura ta fara fito masa, har yau sabunta takardar zama yake. Ranar da kamfani ya ce khalas, an gama da kai, 'yan makonni za a ba mu mu tattara. Baƙo raɓa ne. Ka ɗauki cibiyar 'yarka ka kai ƙasar da ko kabari ba ka da tabbacin samu a cikinta, ka tusa a lambun wani Balarabe da bai san ka yi ba, sa'annan ka ce ka yi mata gida?

Kuma ko da hujjarsa ta fi dutse ƙarfi, ni ba mutum ba ce? Ba za a zaunar da ni a ce ga abin da ake ciki ba? Ni na yi naƙudar. Ni na kwana ina duba cibiyar nan kada ta yi ruwa. Da ya ce min yana tsoro, da mun yi magana, ko mu yi faɗa mu shirya. Sai ya zaɓi ya ɗauke ni a mota kamar yarinya, ya saya min dabino.

Ya ce in yi haƙuri, aikin gama ya gama, in rubuta wa makaranta in ajiye aikin. Na ce ban ji ba. Tun ranar ina dafa masa abinci ina ajiyewa, iyakarta ke nan.

Don Allah ki je wurin Kawu Sanda da kanki. A gabansa aka yi alkawarin nan, shi ya kamata ya kira shi ya tuna masa. Inna kuwa kada ki faɗa mata zancen cibiyar tukuna, kin san hawan jininta.

Ki yi min addu'a, zuciyata tafasa take. A gaida yara.

Ƙanwarki,
Najiba


Al Nahda, Dubai
Maris, 2019

Zuwa ga Yaya Talatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da gaisuwar girma, ina fatan kowa lafiya, ya maigidan da yara? Ummi lafiyarta ƙalau, ta fara juyawa da kanta.

Na ga saƙonki. Wato Kawu Sanda ya kira shi, sun yi hira, an tashi a kan in yi haƙuri. Ita ma Inna, da na ce kada a faɗa mata aka faɗa mata, ta yi kukanta ta share, ta ce mace bin miji take, cibiya kuma duk ƙasar Allah ce. Madalla. Na gode muku duka. Shekara da shekaru ana nuna mana gindin gwabar nan ana cewa nan ne asalinku, yau da namiji ya so, duk ƙasa ta zama ɗaya. Ba wanda ya ce masa ka yi ƙarya, ba wanda ya ce ka karya alkawari. Ni ce dai mai haƙurin. Ke ma Yaya, da kika rubuta cewa wasu neman zuwa Dubai suke ido rufe, ban ji daɗi ba, gara in faɗa miki.

Na koma Hatta.

Da kaina na je na ƙwanƙwasa wa Barikisu, na ce ta taimake ni ta raka ni ranar hutunta. Ta kalle ni ta ce me zan yi a can. Na ce abina zan tono. Ta ce to. Shi ma Ɗalhatu na faɗa masa za ni, don kada a ce na fita ba sani. Ya ce ɓata lokacina zan yi, abu kamar ƙwallon dabino a jiƙaƙƙiyar ƙasa ai ya daɗe da narkewa. Na ce ko ƙyallen ne zan ɗauko. Da na matsa ya ce dabinon da ke daidai inda ruwan ya karya kwana.

Bas muka shiga, na goya yarinyar, na sa babban cokali a jaka. Muka wuce ƙal'ar ko kallonta ban yi ba, muka bi lungun. Lambun yana nan yadda na bar shi, lemun tsamin ya yi fure, ba kowa sai tsuntsaye. Wannan karon ban cire takalmi ba. Kyan wurin ma haushi ya ba ni.

Na kwance goyo na ba Barikisu, ta tsaya a bakin ƙofa tana duba hanya, don in aka kama ni ina tonon wurin tarihi ban san me zan ce ba. Na durƙusa na fara. Ƙasar da taushi, amma saiwar dabino ta cika ta, ina tono tana riƙe cokalin. Na tona nan, ba komai, na mayar. Na matsa gaba. Gumi ya jiƙa min mayafi. Can cokalin ya ɗago wani abu. Na kakkaɓe shi. Wani ɗan ƙulli ne, an ɗaure da baƙin zare, amma ba ƙyallen Inna ba ne. Guntun leshi ne ruwan hoda, ya sha ƙasa, ban taɓa ganinsa ba.

Na kira Barikisu na nuna mata. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce in mayar, na wani ne. Ashe ba mu ne na farko ba. Mutanenmu da ke haihuwa a garin nan, wanda duk ya damu da abin, Sulemana yake samu a asirce ya kawo shi nan, don cikin gari ba inda za ka tona ba a gan ka ba. 'Yan Kano, 'yan Maraɗi, 'yan zangon Gana. Ita kanta ba ta san adadinsu ba.

Sai ta zauna a ƙasa da yarinyar a cinyarta, ta nuna min gindin lallen da ke jikin katanga, ta ce, "Nawa ma yana nan. Cibiya yana nan, yaro yana Kumasi."

Yaya, shekara guda da rabi muna kicin ɗaya da matar nan, na san tana da ɗa a gida, Abdul-Wahid, ban taɓa sanin a nan ta haife shi ba. Su ma da suka binne, cewa suka yi Allah ya kafa masa arziki a ƙasar nan. Albashinsu bai kai wanda ake yarda ka riƙe yaro da shi ba, kafin ya fara tafiya ta kai shi wurin kakarsa ta dawo. Yanzu in an ba shi waya "anti" yake ce mata. Ta ce duk sanda Sulemana ya samu gurbi a mota takan biyo shi, ta zo ta zauna a nan kaɗan ta koma. Tana faɗa tana jijjiga 'yata, ba ta yi kuka ba. Ni na yi.

Na mayar da ƙullin nan inda na same shi, na rufe da hannuna, na daddanna. Ban ƙara kai cokali ƙasa ba. Ta yaya zan ci gaba, ina tumɓuke 'ya'yan mutane ina neman tawa? Na tsaya na kalli lambun nan, ɗan wuri kamar tsakar gida, cike da cibiyoyin baƙi, kuma a cikin masu su ba ko ɗaya da ƙasar nan za ta ce nata ne. Na so a ce Ɗalhatu yana wurin ya ji Barikisu da kunnensa. Na wanke hannu a kwalbatin, na karɓi 'yata na goya, muka fito.

A bas ɗin dawowa na gama shawara. Washegari na rubuta wa makaranta cewa ina nan dawowa bakin aikina. Na yanki tikiti da ɗan abin da na tara na ƙunshi da kitson da nake yi wa matan 'yan Najeriya. Fasfo ɗina da na yarinyar dama a hannuna suke.

Jiya da ya dawo na faɗa masa, ban ɓoye komai ba. Na ba shi labarin ƙullin leshi, na ba shi na Abdul-Wahid. Na ce ba na neman saki, ba na kuma neman faɗa, alkawarin da aka yi a gaban manya nake cikawa ni kaɗai tunda shi ya fasa. In ya tashi, gida yana nan. Ya yi ta zagaye ɗan ɗakin nan, ya yi lallashi, ya yi fushi, ya kawo zancen hanya, ya kawo zancen abin da mutane za su ce. Da ya ga ba na motsi sai ya tsaya ya ce, "In kin tafi, ki sani ba da izinina ba."

Na ce, "Kai da izinin wa ka binne?"

Ya ɗauki yarinyar daga kan gado, ya zauna ya rungume ta, ya daɗe a haka. Ba zan yi miki ƙarya ba, ya ba ni tausayi, kuma ina son mijina. Na san me tafiyar nan za ta iya jawowa, na san me za a kira ta a Zariya, za a ce Najiba ta yi yaji a jirgin sama. A ce. Da in zauna a nan har ranar da za a ce min in ɗauki 'yata in kai wa Inna in dawo, ko in wayi gari ba aiki ba gida ba bakin magana, gara a yi da ni.

Kano za mu sauka, ranar Laraba ta ƙarshen wata, da rana. Ki roƙi maigidanki ya taimaka ya zo ya ɗauke mu, kaya ba yawa. A share min ɗakina na da. Ki gaya wa Kawu Sanda kada ya wahalar da kansa da kira, in yana da magana ya bari in iso in durƙusa a gabansa ya faɗa. Ita kuma Inna ki ce mata ta yafe min, abin da ta ce in kawo ban iya kawowa ba. Ɗalhatu ya riƙe cibiyar, ni na riƙe 'yar.

Barikisu tana gaishe ki, ita za ta raka mu filin jirgi. Ki gaida maigidan da yara, sai na gan ku in Allah ya yarda.

Taki har kullum,
Najiba